BAGARUWA: BAURIN DA KE JEME FATA, YAKE KUMA ƊAURE CIKI

Duk wanda ya san Wudil ya san ta da abu uku: kogi, da gada, da kasuwar Jumma'a. Garin yana kamar kilomita 40 kudu maso gabas da birnin Kano, a kan babbar hanyar da ta nufi Maiduguri, kararsa kuwa tana cikin manyan kasuwannin shanu na ƙasar nan. Ran kasuwa hankalin kowa yana kan bijimai da dillalai da manyan motocin da ake lodi zuwa kudu. Ba safai mutum yakan tsaya wurin masu sayar da saiwoyi da sassaƙe ba, inda akan tara waɗansu busassun 'ya'yan itace masu launin toka, ana aunawa da mudu a kan kuɗi kaɗan. Bagaruwa ke nan, waɗansu kuma su ce gabaruwa. Ga ido ba ta da wani kwarjini. Amma idan ba domin ita ba, fatar dabbar da aka yanka da safe kafin jibi ta fara ɗoyi, da kuma sunan Kano bai kai inda ya kai a duniya ba wajen aikin fata.

Itacen ba baƙo ba ne ga kowa a wannan yanki. Yana son fadama da bakin kogi da ƙasa mai laka, yakan kuma jure tsayawa cikin ruwa makonni ba tare da ya mutu ba. Ƙayarsa fara ce, doguwa, biyu biyu take fitowa. Furensa rawaya ne, dunƙule kamar ƙananan ƙwallaye, da ƙanshi. 'Ya'yan sukan nuna da rani, su bushe, su zubo, awaki da yara su yi ta rububinsu. Fulani suna ce masa gawdi, Larabawan Sudan suna kiran itacen sunut, 'ya'yan kuma garad, mutanen Indiya suna ce masa babul. A Jamhuriyar Nijar, cikin jihar Tawa, har gari guda ake kira Bagaruwa.

Masana tsire-tsire sun daɗe suna kiransa Acacia nilotica, watau ƙayar Kogin Nilu. A taron da suka yi a Biyana a 2005, suka kuma tabbatar a Melbon a 2011, aka bar wa itatuwan Ostareliya sunan Acacia, namu ya koma Vachellia nilotica. Masanan Afirka da yawa ba su ji daɗin wannan hukunci ba, suna kuwa da hujja, gama tun asali bagaruwa ce mai sunan. Amma wannan rigimar malamai ce, ba ta rage wa majemi kome ba.

Mene ne bauri?

Ka ɗauki ɗan bagaruwa guda ka tauna. Ba ɗaci za ka ji ba irin na maɗaci, ba kuwa tsami ba irin na tsamiya. Bakinka ne zai bushe, harshe ya yi kaushi, dasashi ya ɗaure, sai ka ce an ja shi da zare. Wannan shi ne bauri, irin wanda akan ji a goro, da ɗanyen mangwaro, da shayin da aka bari ya daɗe a wuta. Abin da ke kawo shi wani sinadari ne da masana ke kira tanin. Itatuwa suna yinsa domin su kare kansu daga ƙwari da dabbobi da ruɓa, bagaruwa kuwa tana cikin waɗanda aka yi wa baiwarsa da yawa. Idan aka cire ƙwayar aka bar kwasfa, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinta tanin ne, wani iri ma ya fi haka nesa. Irin da ya fi yawa a busassun wurare na Afirka ta Yamma, sunan da masana suka laƙa masa da Latin ma'anarsa mai ɗaurewa.

Aikin tanin guda ɗaya ne tak: duk inda ya gamu da furotin, watau abin da aka gina nama da fata da jini da shi, sai ya kama shi ya ɗaure. A baki, furotin ɗin da ke sa yawu santsi yake kamawa, shi ya sa baki ke bushewa. A kan miki, yakan ɗaure saman naman ya yi masa kamar ɓawo, jini da ruwa su rage zuba. A cikin hanji, yakan ɗaure fatar ciki. A jikin fatar akuya kuwa, yakan shiga tsakanin siraran zaruruwan da aka saƙa fatar da su, ya ɗinke su da juna, ya kori ruwan da ke tsakaninsu, har ƙwayoyin da ke kawo ruɓa su rasa abin ci. Wanda ya gane wannan ya gane dukan al'amarin bagaruwa, da amfaninta da haɗarinta. Abin da take yi wa fatar akuya a majema, shi take yi wa jikin mutum, sai dai bambancin yawa da daɗewa.

A majema

Jima aiki ne mai wuya, mai wari, mai kuma bukatar haƙuri. A tsohuwar majemar Ƙofar Wambai cikin birnin Kano, da ƙananan majemu na garuruwa da ƙauyuka, hanyar kusan ɗaya ce tun kaka da kakanni. Da fari akan jiƙa fatar ta yi laushi, a wanke jini da datti. Sa'an nan a tsoma ta cikin ruwan toka mai ƙarfi kwana ɗaya ko biyu, har gashin ya saki. Majemi ya shimfiɗa ta a kan gungume ko dutse mai santsi, ya kama wuƙa da hannu biyu ya karce gashin, ya juya ya kankare ragowar nama da kitse. A wannan mataki fatar ta kumbura, ta yi fari, tana kuma cike da toka, ba ta isa shiga bagaruwa ba tukuna. Sai a sa ta cikin ruwan kashin tattabaru ko na kaji. Mai wucewa yakan toshe hanci ya ce ƙazanta ce, amma ilimi ne: abin da ke cikin kashin yana cinye ragowar da ba a so a cikin fatar, ya kashe ƙarfin tokar, ya bar ta laushi kamar tsumma. Turawa ma da kashin karnuka da na tsuntsaye suka yi ta yin wannan aiki har farkon ƙarni na 20.

Yanzu ne bagaruwa za ta shigo. An riga an daka 'ya'yan a turmi, an sheƙe ƙwayar, an jiƙa garin cikin ruwa har ya yi ja-ja kamar shayi. Akan fara da ruwan da ya riga ya yi aiki, wanda ƙarfinsa ya ragu, daga baya a koma ga sabo. Dalili kuwa, idan aka jefa ɗanyar fata cikin ruwa mai ƙarfi farat ɗaya, samanta zai ɗaure ya rufe ƙofa, cikinta ya zauna ɗanye, daga baya ta karye ko ta ruɓe daga ciki. Majemi yana cuɗawa, yana matsewa, yana juyawa. Fatar akuya ko ta tunkiya takan jemu cikin 'yan kwanaki, ƙirgin sa kuwa, da yake yana da kauri, yakan ɗauki lokaci fiye da haka. Gwani yakan yanki gefe kaɗan ya duba: idan launin ya ratsa daga wannan fuska zuwa waccan, babu farin layi a tsakiya, to, ta jemu. Sai wanki, da shafa man gyaɗa, da bugu, da miƙewa, da shanya.

Akwai abin da kowane majemi ke kiyayewa, watau kada ƙarfe ya taɓa ruwan bagaruwa. Ka jefa tsohuwar ƙusa mai tsatsa cikin kofin wannan ruwa ka gani, ba da jimawa ba zai koma baƙi ƙirin. Abin da yake ɓarna ga mai son farar fata, shi ne kuma dukiyar mai son baƙa: dukawa suna samun baƙin rini ta wurin shafa ruwan ƙarfe a kan fatar da ta sha bagaruwa, masu yin tawada kuma sun san wannan haɗi. A Turai ma, da tanin na itacen oak da gishirin ƙarfe aka yi tawadar da aka rubuta littattafai da ita shekaru fiye da dubu, har da kofe-kofen Littafi Mai Tsarki da aka rubuta da hannu. Ja kuwa, wanda ya fi kowane launi fitar da sunan fatarmu, daga karan dafi ake samunsa, wata irin dawa da ake shukawa domin rini, ba domin tuwo ba.

Daga nan fata ta bar hannun majemi ta shiga hannun baduku: takalma, da jaka, da gafaka, da zabira, da kube, da kayan doki, da guga, da salka. Mai karatu ya dubi ɗakin kakarsa ya ƙirga abin da ya bi ta ruwan bagaruwa.

Ba a raina majemi a banza ba, in ji masu raina shi, wari ne dalili. Haka yake a ko'ina, shi ya sa ake tura majema bayan gari kusa da ruwa. Masu karanta Ayyukan Manzanni za su tuna cewa a gidan wani majemi, Saminu, a bakin teku a Yafa, Bitrus ya sauka kwanaki da yawa, a zamanin da mutanensa ke ƙyamar mai wannan sana'a saboda taɓa matattun dabbobi.

Fatar Kano da sunan Maroko

Tun a ƙarni na 16 matafiyin nan da Turawa ke kira Liyo na Afirka ya ba da labarin masu ɗinkin takalma na Gobir, waɗanda ake kai kayansu Tambutu da Gawo. Sa'ad da Bajamushe Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya tarar ana fitar da takalma masu yawan gaske, da jemammun ƙiraga, da jajayen fatu waɗanda ayari ke ɗauka har Tarabulus. Daga tashoshin Afirka ta Arewa fatun ke haye teku. Baturen da ya saya bai san Kano ba, bai san Sakkwato ba, tashar da aka yi lodi kaɗai ya sani, saboda haka da yawa daga cikin abin da aka sayar a Turai da sunan fatar Maroko, a nan aka haifi akuyar, a nan aka jeme ta. Jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ita ce sarauniya a wannan ciniki, gama fatarta tana da ƙarfi, ga laushi, ga kyan ido.

Masu ɗinkin littattafai a Ingila sun gane darajarta. A wajen ƙarshen ƙarni na 19 sun lura cewa bangon littattafai da yawa yana zama jan gari yana zubewa cikin 'yan shekaru, saboda irin jimar gaggawa da ruwan asid da masana'antunsu suka shiga yi, da hayaƙin fitilun gas. Fatar da aka jeme a ƙasar Hausa da bagaruwa kuwa tana cikin waɗanda suka fi jurewa, har suka ba ta suna nata, suna ce mata Neja. Bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, hanyar Sahara ta mutu, kamfanonin Turawa suka fi son a ba su busasshiyar fata ɗanya su kai gida su jeme da kansu. Riba mafi tsoka ta bi jirgi, aka bar mu da fiɗa da shanya.

Abin da ya kwace wa bagaruwa kasuwa shi ne gishirin kurom. Wani mutum a Amurka, Augustus Schultz, ya yi rajistar wannan hanya a 1884. Da kurom ana gama jima cikin yini guda, fatar tana jure ruwa da zafi, tana kuma karɓar kowane launi. Yau kusan kashi huɗu cikin biyar na fatar duniya da shi ake jeme ta, manyan masana'antun Kano da ke Challawa da Sharaɗa da Bompai ma shi suke amfani da shi. Ba za a ce kurom bai yi amfani ba, dubban mutane sun ci abinci a waɗannan masana'antu. Amma ruwan da ya fito daga cikinsu dole ya tafi wani wuri. Na Sharaɗa da Challawa yana gangarawa Kogin Challawa, shi kuma ya haɗu da Kogin Kano, ruwan ya biyo ta ƙarƙashin gadar Wudil ya nufi Haɗeja. Masu bincike daga jami'o'inmu sun sha auna ruwa da laka da kifi da ganyayen lambu a wannan hanya, sun kuma sha samun kurom da waɗansu ƙarafa fiye da ƙima, musamman kusa da inda ake zubarwa. Masunci a Wudil, da mai lambun rani, da matar da ke wanki a bakin kogi, ba su da hannun jari a masana'anta, amma suna ƙasa da ita. Ruwa ba ya tsami banza. Ruwan majemar gargajiya ma ba tsarkakakke ba ne, yana da wari da toka da ruɓaɓɓen nama, sai dai abin da ke cikinsa yana narkewa ya koma ƙasa, kurom kuwa ƙarfe ne, inda ya kwanta nan yake zama.

Ga kuma wani abu da ke faruwa a idon kowa ran Jumma'a. San da aka loda a Wudil yana tafiya kudu da rigarsa, can kuwa ba jeme ta za a yi ba, babbake ta za a yi a ci. Ganda, wadda Yarabawa ke kira fomo, ta cinye ƙiraga masu yawa da za su zama takalma. Cibiyar nazarin fata da ke Samaru, Zariya, ta daɗe tana kuka a kan wannan, ta kuma daɗe tana gwada yadda za a tace ruwan bagaruwa a mai da shi gari mai ƙarfi ɗaya, wanda masana'anta za ta iya aunawa. A ganina nan ne gaba take, domin masu saye a Turai sun koma neman fatar da aka jeme da tsiro, suna kuma biya da tsada.

A ɗakin uwar gida

Yawancin masu karanta wannan shafi ba majema ba ne. Inda suka san bagaruwa shi ne cikin gida, a ƙullin tsumma ko a gwangwani bayan randa. Wannan ma ba sabon abu ba ne. A ƙarni na fari bayan haihuwar Almasihu, wani likita Bahelene mai suna Diyoskoridis ya rubuta yadda mutanen Masar ke matse ruwan 'ya'yan wannan itace, su busar da shi ya zama curi, ana kiransa akakiya, ana ba da shi domin ɗaure ciki da warkar da miki da ciwon baki. Likitocin Larabawa suka gāji maganin da sunansa. A ƙasarmu kuma Dokta J. M. Dalziel, wanda ya fara aikin likitan mishan a ƙasar Sin kafin ya zo Nijeriya ta Arewa, ya tattara sunayen itatuwa da Hausa ya buga a 1916, ya kuma buga babban littafinsa na amfanin tsire-tsiren Afirka ta Yamma a 1937. Abin da tsofaffinmu suka gaya masa game da bagaruwa, shi ne har yau ake yi.

Inda aikin na waje ne, bagaruwa tana da gaskiya. Kurkure baki da ruwanta mai sauƙi yana taimakon dasashi mai zubar da jini da ƙurajen baki da kaushin maƙogwaro. Manomin da tsakanin yatsunsa ya ruɓe da damina saboda tsayawa cikin ruwa, idan ya jiƙa ƙafa a ciki yakan ji dama. Mai basir da mace mai jego sukan zauna cikin ruwanta mai ɗumi. Gwaje-gwajen da aka yi a ɗakunan bincike sun nuna tana hana waɗansu ƙwayoyin cuta yaɗuwa a cikin kwalba, ko da yake abin da ya yi aiki a kwalba ba lalle ne ya yi a jikin mutum ba. A Sudan kuma, a shekarun 1980, an gwada ruwan 'ya'yanta a kan dodon koɗin da ke ɗauke da cutar tsargiya, aka ga yana kashe shi, abin da ya kamata mazauna bakin kogi su sa wa ido.

Amma 'yan'uwa, akwai wurare uku da ya kamata a ja layi.

Na fari, kuma mafi girma, shi ne gudawar yara. Uwa ta ga ɗanta yana zawo, ta jiƙa bagaruwa ta ɗura masa, zawon ya ragu, hankalinta ya kwanta. Alhali kuwa ba yawan fita bayan gida ne ke kashe yaro ba, ƙarewar ruwa da gishirin jikinsa ne. Bagaruwa ba ta mayar da ko cokali guda na abin da ya zube. Ta rufe ƙofa ne bayan kaya sun fita, wani lokaci ma ta sa yaron amai, ko ta sa a yi jinkirin zuwa asibiti har lokaci ya ƙure. Waɗanda suka manyanta za su tuna yadda aka yi ta shelar ruwan gishiri da sukari a zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992. Maganar ba ta tsufa ba. Mafi kyau shi ne ƙullin da ake samu a asibiti ko kantin magani, a narka shi yadda aka rubuta a jiki. Idan babu, a sami lita guda ta ruwa mai tsabta, a zuba ƙaramin cokali shida na sukari, shafaffe ba tozo ba, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba yaro kaɗan kaɗan ba fasawa. A ci gaba da ba shi nono da abinci. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ƙara da cewa a ba yaro ƙwayar zink kwana 10 zuwa 14. Idan kuwa ido ya faɗa, ko maɗiga ta lotsa, ko fitsari ya ɗauke, ko yaro ya kasa sha, ko an ga jini a bayan gida, ko zawon ya zama kamar ruwan shinkafa, to, ba sauran zancen jiƙo, sai asibiti, ko da tsakar dare ne. Jariri kuwa da bai kai wata shida ba, kada a ɗura masa jiƙon kome.

Na biyu, mace mai ciki da mai ƙarancin jini. Mun ga yadda tanin ke kama ƙarfe a kofin ruwa. Haka yake yi a cikin hanji: yakan kama sinadarin ƙarfen da ke cikin abinci da cikin ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa a wurin awo, ya hana jiki ɗauka. Matar da ke shan jiƙon bagaruwa kullum, ko baƙin shayi mai kauri a kan abinci, tana zubar da abin da ta je asibiti ta karɓo. Haka kuma masu cusa garinta a jiki, bisa shawarar masu tallar kayan mata, suna busar da wurin da aka halitta da danshi, wurin ya tsage, ƙofar cuta ta buɗe.

Na uku, babban miki da ƙuna. A nan likitocin Turai ne suka fara yin kuskuren, da tsada kuwa suka koya. A 1925 wani likita a birnin Ditroyit na Amurka, Edward Davidson, ya fara shafa ruwan tanin a kan ƙuna. Ɓawo ya yi, zafi ya ragu, asibitoci ko'ina suka ɗauka. Sai a farkon shekarun 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka gane cewa idan ƙunar tana da faɗi, tanin yana ratsawa cikin jini ya lalata hanta, ɓawon kuma yana ɓoye ruɓa a ƙarƙashinsa. Aka daina. Nasu tanin ba daga bagaruwa aka samo shi ba, amma dangi ɗaya ne. Barbaɗa garin da aka shanya a ƙasa, inda awaki suka bi, a kan kaciya ko cibiyar jariri, yana kuma iya shigar da cutar sandarewar wuya da haƙora, wadda ba ta da sauƙin magani.

'Yan'uwanta a wasu ƙasashe

Kusan kowace ƙasa mai zafi tana da bagaruwarta. A Indiya da Bama akan sare wani itace ɗan'uwanta, a faskare zuciyarsa, a dafa har ruwan ya yi kauri ya daskare kamar baƙar alewa. Suna kiransa katta, suna shafa shi a ganyen da suke taunawa kamar yadda muke cin goro, suna rina tarun kamun kifi da filafilan jiragen ruwa da shi domin kada su ruɓe, da shi kuma aka rina kakin soja. A Malesiya da Indonesiya ganyen wani tsiro mai yaɗo ake dafawa, ana ce masa gambir.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne maɗobiya. Idan aka sare ta takan zubar da jan ruwa kamar jini, ya bushe ya zama ƙaro mai bauri. Daga Kogin Gambiya aka fara kai shi Ingila, wani likita mai suna John Fothergill ya gabatar da shi ga likitoci a 1757 a matsayin maganin gudawa, aka san shi da suna kino. Abin da ya sami maɗobiya a zamaninmu ya isa ishara. Ba domin ƙaronta ba, domin jan katakonta, wanda masu kujerun alfarma a ƙasar Sin ke so, aka bi ta da zarto a Taraba da Adamawa da Kogi da sauran wurare cikin 'yan shekaru kaɗan, har a 2017 aka sa ta cikin jerin itatuwan da dokar duniya ta taƙaita cinikinsu, a 2018 kuma aka dakatar da fitar da ita daga Nijeriya.

Bagaruwa ba ta kai ga haka ba, ba kuwa mai neman ta a Sin. Maƙiyinta na gida ne: gatari da buhun gawayi. Itacenta yana da nauyi, yana ci a hankali, gawayinsa yana da kyau, gara ba ta cinsa da sauƙi, saboda haka mai yin ƙota da mai gasa burodi da mai sayar da itace duk ita suke nema. Mai sassaƙar magani kuma yakan zagaye gindin ya kwashe ɓawon duka, itacen ya bushe a tsaye. A Sudan, tun zamanin Turawa gwamnati ta keɓe dazuzzukan sunut a bakin Shuɗin Nilu, ana sarewa bisa tsari ana sake shukawa, daga nan suka yi ta samun katakon shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa. A Ostareliya kuwa, inda aka kai ta domin inuwa da abincin tumaki, ta yaɗu har ta zama annoba, gwamnati na kashe kuɗi tana yaƙi da ita. Mu da muke da majema da kasuwa da fadamar da take so, mu ne ba mu shukawa.

Shukarta ba wuya. Ƙwayar tana da tauri, shi ya sa a daji sai ta bi ta cikin akuya ko saniya take saurin tsira. Mai son shukawa sai ya tafasa ruwa, ya sauke, ya zuba ƙwayar a ciki ta kwana, ko ya kankare gefenta kaɗan da wuƙa, ko kuwa ya tsince ta daga cikin takin garke. A shuka a leda wajen watan Maris ko Afrilu, a dasa idan damina ta zauna. Shekara biyu na fari sai an kewaye ta da ƙaya saboda awaki, bayan haka ita za ta kare kanta. Saiwarta tana ƙara wa ƙasa ƙarfi kamar yadda gyaɗa da wake ke yi, tana kuma riƙe gaɓar kogi kada ruwa ya cinye. A gefen gona, ko iyakar filin makaranta, ko bakin kududdufin da ba a noma, layi guda ya isa shinge. Wajen shekara ta biyar takan fara ba da 'ya'ya. A tsince su da zarar sun bushe, kafin su daɗe a ƙasa, a shanya a kan tabarma, a ajiye inda ba laima, gama majemi ya fi biyan kuɗi a kan wadda ruwa bai taɓa ba.